Memorin da na yi shekara 14 ina karewa

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, nan Sakkwato, kowa da fanninsa. Akwai na ƙwallo, akwai na siyasa, ni kuwa fannina Mdou Moctar ne, Ba'abzinen nan na Nijar mai kaɗa jita da hagu. Babu wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Takardar shaidata guda ce: wani memori da mai tura waƙa a kasuwa ya cika mini a 2011, ya karɓi naira ɗari, ya rantse duk Mdou ne na farko-farko.

Kuma ina da abin tinƙaho. Kundinsa na farko, Anar, a garin nan aka ɗauke shi a 2008, sannan ya bi Bluetooth daga waya zuwa waya har ya game hamada, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin cikin wayoyi ya ji ya taso nemansa. Wanda ya fara rarrafe a tsakar gidanku ai kana da ta cewa a kan tafiyarsa. Tamashek kuwa, yaren Abzinawa da yake waƙa da shi, ko "zo in kashe ka" ba na ji, amma wannan bai taɓa hana ni sharhi ba.

Rigimar ta samo asali ne a 2024, ranar da ƙanena ɗan jami'a ya kunna mana sabon kundin Mdou, Funeral for Justice, a sifikarsa. Jita na kuka kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali, ganga na gudu kamar an biyo ta bashi. Majalisa ta rabu biyu. Samari suka ce wannan shi ne kiɗan rock na gaske, mutumin ya kai inda ake zuwa, yana faɗa wa Faransa gaskiya a kan arzikin ƙasarsa. Mu 'yan mazan jiya, wato ni da wani tela wanda ko me na faɗa sai ya gyaɗa kai, muka ce an lalata yaro. Tun kundinsa Afrique Victime na 2021 nake ganin alamar, in ji ni. Na ce Turawa sun ba shi wutar lantarki sun karɓe masa natsuwa. Wannan jimlar ta yi mini daɗi a baki, na yi wata takwas ina maimaita ta.

Wani dare da zafin nan na bazara, ƙanen nawa ya zo ya zauna shiru, abin da ya kamata ya sa in yi hattara. Ya kunna wata waƙa a hankali. Jita ce ta katako, babu ƙara, ga tafi, ga muryoyi suna amsawa. Na lumshe ido, na ajiye kofin shayi, na ɗaga yatsa sama.

"Kun ji ko? Wanga shi ne Mdou! Ɗiyan yanzu ku saurara ku ƙaru. Irin wanga hannu ya tafi, ba ya dawowa."

"Yaya, ka tabbata?"

"Ina cikin garin ga aka yi ta. Har ƙurar Sakkwato nake ji cikinta."

Ya miƙo mini wayar. Kundin Mdou ne, Tears of Injustice, Fabrairun 2025. Wata biyu ke nan da fitowarsa. Kuma ba sababbin waƙoƙi ba ne, waɗancan dai na injin markaɗen ne aka sake bugawa a sanyaye. Ƙurar da nake ji kuwa ta New York ce, don can Mdou da abokan kiɗansa suka ɗauke shi lokacin da juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka, hanyar gida ta toshe.

Tela ya daina gyaɗa kai.

Namiji ba ya faɗuwa sau ɗaya ya kwanta. Na ce ai gwada su nake yi. Yaron ya ce to madalla, ya kunna wata. Sai ga murya ta bi ta cikin na'ura tana karkarwa, ga gangar kwamfuta tana tik-tik, sak waƙar fim ɗin Hausa ta wancan zamani.

"Kai, cire muna waƙar soyayyar Kano, ana maganar manya."

"Yaya, Anar ke nan. Na garinku."

Mai shayi ya zuba madara a ƙasa don dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba. Na zaro memorina daga cikin walat, inda yake naɗe a takardar maganin ciwon kai, na ce a sa wannan a ji asali, sauran duk na intanet ne.

A nan ne Baba mai gadin layinmu ya matso da butar shayinsa. Ba'abzine ne, dattijo, shekara da shekaru yana jin muhawararmu daga bakin ƙofa bai taɓa tanka mana ba. Aka kunna waƙar da na fi so, wadda nake cewa kukan baƙunci ce da kewar gida. Ya saurara kamar minti ɗaya, sai na ga rawaninsa yana girgiza.

"Malam, wa ya ce maka Mdou ne?"

Na ce mai tura waƙa.

Ya ce wannan wani makaɗin biki ne, a waya aka ɗauka, ga hayaniyar mata nan a baya. Na tambaye shi me waƙar ke cewa, da fatan ko ma'anar za ta cece ni. Ya ce yabon ango ake yi, da raƙuminsa, amma raƙumin ya fi samun baiti. Muka bi waƙoƙi 23 ɗaya bayan ɗaya. Biyu ya ce wataƙila. Ɗaya ma sanarwa ce, ana cigiyar akuya.

Abin da majalisa ba ta sani ba, lokacin da nake neman uwargida, wannan waƙar raƙumin nake kunna mata a zaure ina fassarawa. Na ce mata mawaƙin cewa yake idonta kamar rijiya a tsakiyar hamada. Har yau ita ce ƙarar kirana a wayarta.

Na isa gida na tarar ƙanena ya riga ni, yana cin tuwona. Uwargida ta kawo ruwa ta durƙusa da ladabin da ban saba gani ba.

"Maigida, sannu da zuwa. Wai raƙumin fari ne ko ja?"