Macbeth da kujerar da ta hana shi barci

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na sake ɗauko wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare, marubucin Ingila, wanda ya rubuta wajen 1606, wallahi har na kwanta abin yana min yawo a zuciya.

Macbeth ɗin nan jarumi ne a ƙasar Sikotlan, yana da sarautarsa ta Glamis, ya ci yaƙi sarki Duncan ya ƙara masa ta Cawdor, bai roƙa ba bai yi kamun ƙafa ba, arziki ne ya zo ya same shi. Amma da yake wasu bokaye mata uku sun tare shi a hanya sun ce zai zama sarki, shikenan zuciya ta ɗau zafi, matarsa kuma ta yi ta zuga shi tana goranta masa wai shi ba namiji ba ne. Duncan fa ɗan uwansa ne, ubangidansa ne, kuma baƙonsa ne a daren, a ƙarƙashin rufinsa ya kwanta, amma Macbeth ya bi dare ya soke shi. Innalillahi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan ya hau kujerar, barci ya ƙaurace masa. Ya sa aka kashe amininsa Banquo, ya sa aka kashe matar wani basarake mai suna Macduff da 'ya'yanta, yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Matar da ta zuga shi kuwa ta koma yawo cikin barci tana goge hannu, wai jinin ya ƙi fita.

Tirmizi ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya ce kyarkeci biyu mayunwata da aka saka cikin garken tumaki ba su kai kwaɗayin dukiya da girma ɓata addinin mutum ba. Ɗan uwa dubi kanka, wannan muƙamin na ofis ko takarar da kake nema, wa ka fara yi wa ƙage saboda ita? Wurin wane boka ka je? Muslim ya ruwaito wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa dare 40.

Macbeth ma komawa ya yi wurin bokayen nan mata, suka ce duk wanda mace ta haifa ba zai iya da shi ba, ya saki jiki. Ashe Macduff farka cikin uwarsa aka yi aka ciro shi, kuma shi ya sare masa kai.