A kaɗa Bach da fiyano, amma a bar wa Couperin hafsikod ɗinsa

Fiyanon da nake nufi ba wanda yaran situdiyo ke dannawa ya fitar da ganga da algaita ba ne. Ina maganar babban nan na katako, mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, wanda sai ƙarti sun taru ake ɗaga shi.

Masu kiɗan gargajiyar Turai sun daɗe suna ja-in-ja a kan kiɗan da Johann Sebastian Bach ɗan Jamus da tsararrakinsa suka rubuta: da me ya kamata a kaɗa shi? Bach ya rasu a 1750, kuma hafsikod na cikin kayan aikinsa na yau da kullum. A ido kamar fiyano yake, amma cikinsa daban. In ka danna, wani ɗan tsinke ne, wanda a da ake fiƙewa daga gashin tsuntsu, ke tsakurar tsirkiya, kamar yadda mai molo ke yi da yatsa. Ko ka lallaɓa ko ka danna da ƙarfi, amon kusan ɗaya ne, kuma nan da nan yake mutuwa. A fiyano kuwa 'yar guduma ce ke bugun tsirkiya, sai makaɗi ya yi raɗa in ya so, ya yi tsawa in ya ga dama.

Masu cewa sai hafsikod suna da hujja, ban raina ta ba. Kiɗan nan mai suna Goldberg da aka wallafa a 1741, Bach da kansa ya rubuta cewa na hafsikod ne mai hawa biyu na madannai. A can kowane hannu da layinsa. A fiyano kuwa layi ɗaya ne, sai ka ga hannun hagu ya haye na dama, yatsu suna rige-rigen madanni guda kamar kaji a kan tsaba.

Sai dai shi mai kiɗan bai kai mabiyansa tsauri ba. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a Italiya wajen 1700. Da Gottfried Silbermann ya yi nasa a Jamus, Bach ya kushe shi, ya ce siraran muryoyin ba ƙarfi, madannan kuma da nauyi. Aka gyara, ya yaba. A 1747 ya kaɗa irinsa a fadar Sarki Frederick a Potsdam. Mutumin da ya ɗauko kiɗan goge na Vivaldi ɗan Italiya ya mayar da shi na madannai, shi za a ce sauya kayan kiɗa zai ɓata wa rai?

Abin dariya ma, Wanda Landowska, wadda ta farfaɗo da hafsikod har ta naɗi Goldberg a 1933, nata na kamfanin Pleyel ne mai ƙashin ƙarfe, irin da Bach bai taɓa gani ba.

Kiɗan Bach saƙa ce, murya uku ko huɗu suna shiga suna fita. Abin da ake buƙata kunne ya iya bin kowane zare. Glenn Gould ɗan Kanada ya nuna a 1955 cewa fiyano na iya wannan, muddin makaɗi ya ɗauke ƙafarsa daga feda, wato abin da ake takawa don amo ya daɗe yana tashi. Wanda ya tsaya a kan feda ya dama muryoyin kamar kunu, shi ne mai laifi, ba fiyano ba.

Inda na bi masu tsauri shi ne kan François Couperin na Faransa. Shi kiɗansa ado ne, 'yan karkarwa da gwalli a kan kusan kowane amo, har littafi ya fitar a 1716 kan yadda ake taɓa hafsikod. Adon nan don amo mai saurin mutuwa aka yi shi, shi ke riƙe shi da rai. A fiyano amon bai mutu ba ado ya hau kansa, sai abin ya yi nauyi, kamar amaryar da aka jibga wa sarƙa goma a wuya. Na saurare shi a hannun gwanayen fiyano ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo kafin a kai rabi na koma neman na hafsikod.