Lambar IP ba sunan ɓarawo ba ce

Duk wanda ke kula da shafin intanet na shago, ko makaranta, ko wata ƙungiya a nan Maraɗi, ya san abin da ake tararwa idan aka buɗe kundin da saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ke rubuta masu shige da fice. Layuka ne jere reras, kowanne da kwanan wata da sa'a da daƙiƙa, sai sunan da aka gwada, sai lambar IP ɗin da yunƙurin ya fito daga gare ta, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Sunayen ba su cika canzawa ba: root, admin, test, ubuntu, wani lokaci har da sunan shafin kansa. Ba wani mutum ba ne ya zauna yana bugawa da yatsa. Manhaja ce aka saki tana bin lambobin duniya ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa ƙofa ta 22 da ake shiga saba ta cikinta, ko shafin shiga na WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, tana jarraba kalmomin sirri irin su 123456 da admin da azerty, ko Allah zai sa ta dace da rago. Sabar da aka kunna da safe ba ta kai yamma ba tare da ta samu irin waɗannan baƙi ba, ko da kuwa babu wanda ya san da ita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da nake ganin tana yaɗuwa tsakanin ƙannenmu masu wannan sana'a. Mutum zai kwafo jerin lambobi daga kundinsa, ya liƙa a Facebook ko a zauren WhatsApp, ya rubuta cewa ga ɓarayin nan an kama su, sannan ya ba da shawarar a toshe lambobin har abada, ko ma a toshe ƙasar da suka fito ɗungurungum. Bibiyar lambobin nan aiki ne mai amfani, ni ma ina yin sa, amma ɗaukar lamba a matsayin shaidar da ta isa a yanke wa mutum ko ƙasa hukunci kuskure ne, kuma mu mutanen wannan yanki mu ne muka fi kowa cutuwa da irin wannan kuskuren.

Lambobin tsohon tsari, wato IPv4, ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma a watan Fabrairun 2011 ne hukumar IANA, mai kula da rabon lambobin a duniya, ta raba na ƙarshen da ke hannunta ga cibiyoyi biyar na yankunan duniya. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, wadda aka amince da ita a 2005, lokacin da Amurka da Turai suka riga suka kwashe kaso mafi tsoka. Saboda wannan ƙarancin, kamfanonin salula galibi ba sa ba kowane mai layi lambarsa shi kaɗai. Sukan tara ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, a bayan lamba ɗaya da duniya ke gani. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da ƙofar zaure guda: wanda ke waje ya ga ta inda aka fito, amma bai san ɗakin ba. Idan wayar mutum ɗaya ta kamu da muguwar manhaja ta yi ta aika tarkacen saƙonni, to ɗalibar da ke neman sakamakon jarrabawarta da ɗan kasuwar da ke jiran saƙon mai kawo masa kaya duk sun taka sawun ɓarawo ba tare da sun sani ba. Ƙari a kan haka, lambar da kake fita da ita yau ba lalle ba ne ita ce taka gobe.

Ko da lambar ta na'ura ɗaya ce tak, sau da yawa mai na'urar shi ma wanda aka zalunta ne. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta mallake dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da akwatunan wifi a faɗin duniya, ba da wata gwaninta ta a zo a gani ba, sai da jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 waɗanda masana'antu ke sakawa tun asali, masu saye kuma ba sa canzawa. Da wannan rundunar aka kai wa kamfanin Dyn, mai nuna wa na'urori hanyar zuwa manyan shafuka, hari ranar 21 ga Oktoba na shekarar, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Mu ma a Afirka ta Yamma mun ɗanɗana, domin da wani reshen Mirai ɗin ne aka yi wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya luguden da ya dagula intanet a ƙasar, kuma a watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure wani mai kutse, Daniel Kaye, watanni 32 a kan wannan laifi. Shi a lokacin harin yana can wata ƙasa. Lambobin da suka bayyana a kundin Lonestar na bayin Allah ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Duk lokacin da na shiga shago na ga kyamara a saman ƙofa, mai shagon yana nuna mini da alfahari yadda yake kallon yaransa ta waya daga gida, nakan tambaye shi ko an canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Amsar da na fi ji ita ce, “Ai wanda ya ɗaura ta ne ya sani.” Irin wannan kyamarar na iya kwana tana ƙwanƙwasa ƙofar wata saba a Jamus, a can kuma wani ya rubuta cewa ɓarawon ɗan Nijar ne.

Batun taswira ma haka yake. Shafukan da ke nuna maka gari da unguwar da lamba take, kirdado suke yi. A 2016 labari ya fito na wata gona a jihar Kansas ta Amurka, inda mazaunanta suka shafe shekaru suna karɓar ƴan sanda da fusatattun mutanen da aka damfara, don kawai kamfanin MaxMind, mai tattara bayanan inda lambobi suke, ya mayar da wurin mazaunin duk lambar Amurka da bai san takamaiman inda take ba, lambobi sama da miliyan 600. Idan haka ta faru a ƙasar da aka ƙirƙiro abin, to mai layi a Tibiri ko Madarunfa kada ya yi mamaki idan taswira ta ce yana Yamai.

Shawarar toshe ƙasa baki ɗaya kuwa, ita ce ta fi ba ni mamaki daga bakin Bamaraɗe. Na ga wanda ya toshe dukkan lambobin Najeriya daga shafin wani ɗan kasuwa da sunan tsaro, alhali masu sayen kayan mutumin da yawa suna Katsina da Kano, wasu kuma suna nan kusa da Ɗan Isa da layin Najeriya a wayarsu. Yunƙurin kutsen bai ragu ba, domin yawancinsa daga sabobin haya na manyan kamfanonin ƙasashen waje yake zuwa, kuma mai mugun nufi na gaske yana da VPN, manhajar ɓoye ainihin lamba, da zai sauya ƙasa da shi cikin ƙiftawar ido. Masu ciniki ne kawai suka rasa hanya. Abin da muke kuka da shi idan shafukan Turai suka rufe mana ƙofa don ganin lambar Afirka, shi muke yi wa maƙwabtanmu.

Akwai baƙaƙen kundaye, wato jerin lambobin da ake zargi da ɓarna, da duniya ke dogaro da su, irin na Spamhaus da aka kafa a 1998, da AbuseIPDB inda masu kula da sabobi ke kai ƙorafi. Suna da amfani ƙwarai, kuma ba don su ba da akwatin imel ya gagari buɗewa. Sai dai shiga cikinsu ya fi fita sauƙi, kuma wanda ya taɓa ganin wasiƙar kasuwanci ta dawo masa da bayanin cewa lambarsa na cikin kundi ya san zafin abin. Don haka duk wanda zai kai rahoto ya kai shi da hujja, ba da fushi ba. A tuna kuma cewa a 2019 ya fito fili cewa an karkatar da miliyoyin lambobi daga rumbun AFRINIC aka sayar a ɓoye, wasunsu suka faɗa hannun masu aika tarkacen saƙonni a wasu nahiyoyi. A takarda na Afirka ne, a aikace kuwa ba mu muke riƙe da su ba.

Amfanin lamba a wurina shi ne ta taimaka mini in rage hayaniya, in kuma gane salon harin. Manhajar Fail2ban, wadda take nan tun 2004 kuma kyauta ce, tana karanta kundin da kanta, idan lamba ta yi kuskure sau 5 cikin minti 10 sai ta rufe mata ƙofa na minti 10, kuma ana iya tsawaita wa'adin ga mai naci. Hukunci ne mai wa'adi, wanda idan ya faɗa kan marar laifi zai wuce da kansa. Amma ita ma tana da iyaka, domin masu wayo sun koma raba aikin tsakanin dubban lambobi, kowacce ta gwada sau ɗaya ko biyu ta wuce. Shi ya sa ƙarfin tsaro yake ga ƙofar, ba ga jerin sunayen waɗanda aka kora ba: a hana shiga daga nesa da sunan root, wato asusun mai cikakken iko, a yi amfani da makullin SSH, wato fayil ɗin sirri na shiga saba daga nesa, maimakon kalmar sirri, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a daina sa lambar waya ko shekarar haihuwa a matsayin sirri. Kuma a cikin kundin, layuka dubu na waɗanda suka gwada suka kasa ba su kai muhimmancin layi ɗaya ba da ke nuna an shiga lafiya da ƙarfe 3 na dare daga lambar da ba ka sani ba. Wannan layin ne ya kamata ya hana mutum barci, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Idan abin ya kai ga kai ƙara, binciken whois, wato duba rajistar masu riƙe da lambobi, zai nuna kamfanin da ke riƙe da lambar da adireshin da yake karɓar ƙorafi. A aika masa layukan kamar yadda suke, da lambar ƙofar da saƙon ya fito, da cikakken lokaci, a kuma fayyace ko agogon duniya na UTC ne ko namu na Nijar da ke gaba da shi da sa'a ɗaya, domin a lambar da jama'a da yawa ke amfani da ita tare kuskuren sa'a guda ya isa ya ɗora laifi kan wani daban. Kamfanin ne kaɗai zai iya haɗa waɗannan bayanai da mai layi, kuma ta hanyar shari'a ake neman hakan. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, wadda ta shafi mai ramuwar gayya ta hanyar kutse kamar yadda ta shafi wanda ya fara. Roƙona ga kamfanonin sadarwarmu da hukumar ARCEP mai sa ido a kansu shi ne a tabbatar akwai ma'aikacin da ke karanta akwatin ƙorafin nan yana amsawa, a riƙa sanar da mai layi idan na'urarsa ta kamu, a kuma gaggauta shimfiɗa sabon tsarin lambobi na IPv6 don a rage cunkoson jama'a a bayan lamba ɗaya.