Kebul uku na saya, kuma wai na'urata ce ta mutu

Raina a ɓace yake, kuma wallahi ba zan haɗiye wannan ba. Ni karatun littattafan Hausa nake naɗa a ɗakina a Rigasa ina ɗorawa a YouTube. Jarina duka tsohuwar kwamfuta ce da rikoda ɗaya, Zoom H4n, da na saya ta hannu. Da can a katinta nake naɗa, in cire in kwashe. Na gaji da wannan zirga-zirga, na ce bari in jona ta kai tsaye da kwamfuta, tunda tun fitowarta a 2009 tana iya wannan aikin. Ka sa kebul, allonta ya kawo zaɓi, ka danna AUDIO I/F, ka zaɓi 44.1 ko 48 kHz, shi ke nan murya ta shiga Audacity, manhajar da nake naɗar sauti da ita. Har ramukan XLR biyu na jona makirufo gare ta, tana kuma ba makirufo wutar 48V. To me zai kai ni sayen wani akwatin haɗa sauti a wannan tsadar rayuwa?

Abu ɗaya na rasa: kebul. Bakinta mini-USB ne, irin na da, wanda micro-USB da Type-C suka kora daga kasuwa.

Na hau keke na shiga gari, na sami wani shago a gefen Ahmadu Bello Way. Mai shagon ya miƙo min ɗaya, dubu biyu da ɗari biyar, ya ce, "Malam, orijina ne, je ka gwada." Na dawo gida na jona. Allon rikoda ya kawo haske, na yi hamdala, na danna, kwamfuta ko gezau. Na sake direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, na sauke wani direban sauti mai suna ASIO4ALL, na canza rami, na kashe na kunna har ƙarfe biyun dare. Washegari na koma. Ya ce wancan ba ya komawa tunda na yage leda, amma ga wani "mai ƙarfi". Na biya. Haka na yi sau uku, ni ma dai da wauta, dubu bakwai da ɗari biyar ban da kuɗin keke.

A zuwa na huɗu ne ya fito da abin da ke ransa. Ya juya rikodar a hannu kamar wani likita, ya taɓe baki ya ce, "Ai wannan ta mutu, Malam. Ba ka ga tana kawo wuta ba? To kebul lafiya lau yake." Sai ya zaro wani kwali daga ƙasan kanta, wai sabon akwatin sauti, sama da dubu ɗari, zai yi min ragi in na bar masa tawa matacciyar. Ka ji rainin hankali! Idan ta mutu, me zai yi da gawa?

Wanda ya warware min matsalar yaro ne ɗan shekara sha biyar mai tsaron gidan gem a layinmu. Ya ce, "Yaya, ai bakinta irin na hannun PS3 ne." Ya ciro nasa duk ya sha salatif, muka jona, nan take kwamfuta ta yi ƙara ta gane ta. Na dawo na sa reza na feɗe ɗaya daga cikin ukun nan. Zare biyu kacal a ciki, ja da baƙi, na wuta zalla. Na gaskiya yana da ƙarin biyu, fari da kore, su ke ɗaukar bayanai. Wato kebul ɗin caji ya sayar min har sau uku, shi ya sa allo ke haske amma murya ba ta wucewa. Kada wani ya ce min bai sani ba. Mutumin da ya kwana ya tashi cikin wayoyi? Ya sani sarai, rikodar yake hari.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. Ranar da na fara naɗa aka ɗauke wuta, na tayar da janareta, sai wani gurnani ya shiga ƙarƙashin muryata, zzzz, babi guda cur. Daga cajar kwamfuta yake bi ta kebul ya shiga sauti. Dole yanzu in zare caja in naɗa da batirin kwamfuta, batirin da ba ya kai minti arba'in. Wannan na haƙura da shi, kowa a Kaduna ya san halin wuta.

Amma na mai shago ban haƙura ba. Ranar Litinin zan koma da kwamfutata, da rikodar da ya ce ta mutu, da kebul ɗinsa da na feɗe, da na yaron gidan gem. A kan kantarsa zan jona su ɗaya bayan ɗaya, lokacin da shagon ya cika da mutane.