Jebba: garin da kowa ke ratsawa, babu mai ɗaukar nauyinsa

Duk direban da ya taɓa kai shanu Legas, ko ya ɗauko goro daga ƙasar Yarbawa ya nufo gida, ya san gadar Jebba. Yawanci cikin dare ake ratsa ta. Fasinja na gyangyaɗi, sai ya ji ƙarar taya ta canza, yaron mota ya ce an hau ruwa, kafin ya murtsuke ido an fita daga wata jiha an shiga wata. Iyakar abin da akasarinmu muka sani game da garin ke nan: gada, kifin banda a bakin titi, sai cunkoson tireloli. Ni kuwa ina ganin ƙananan garuruwan da tarihin Arewa ya bi ta kansu kamar yadda ya bi ta Jebba ba su da yawa, kuma sakacin da ake yi da ita yana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa.

Dalilin yana kwance a tsakiyar kogin. Gaɓar kudu tana ƙaramar hukumar Moro ta Jihar Kwara, gaɓar arewa tana ƙaramar hukumar Mokwa ta Jihar Neja. Abin dariya, jihohin nan biyu sunan ruwa ɗaya suke amsawa: Kwara shi ne sunan da kakanninmu suka san kogin da shi, Neja kuma wanda Turawa suka zo da shi. Sun raba sunan, sun raba garin, kowace ta ɗauki rabonta a matsayin ƙarshen ƙasarta. Ilori na kallon Jebba a matsayin can ƙurya, Minna ma haka. Ɗan siyasa kuwa ba ya kashe kuɗi a inda rabin masu cin moriyar aikin ba za su jefa masa ƙuri'a ba.

Duwatsu da tsibirin da ke cikin kogin su ne silar shigar Jebba littafi. A 1857 jirgin ruwan Turawan Ingila mai suna Dayspring, ƙarƙashin jagorancin Dokta Baikie, ya daki dutse a nan ya lalace. Mutanen cikinsa suka yi zaman dole na kusan shekara a bakin ruwa. A cikinsu akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, da wani matashin hafsan ruwa, John Glover. Glover ɗin nan shi ne ya bi ta ƙasa daga nan zuwa Legas neman agaji, kuma shi ne a 1863 ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ya haɗa da Hausawan da suka tsere daga bauta. Sojojin Najeriya har gobe daga wannan runduna suke ƙirga asalinsu. Ko da wannan kaɗai, bai kamata Bahaushe ya wuce Jebba yana barci ba.

Bayan dakarun kamfanin Royal Niger sun ci Bidda da Ilori a 1897, Lugga (Frederick Lugard) ya kafa sansanin sabuwar rundunarsa ta Afirka ta Yamma a Jebba. Da aka shelanta mulkin Ingila kan Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, a Jebba ya zauna da ofisoshinsa, har zuwa 1902 da ya tattara ya koma Zungeru, wadda Hausawa ke ce wa Dungurum. Wato kafin Kaduna, kafin Zungeru, daga wannan ɗan garin na Nufawa da Yarbawa aka fara juya akalar Arewa. Ba abin alfahari ba ne, don daga irin waɗannan sansanoni aka shirya mamayar da ta ƙare da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Amma tarihi mai ɗaci ma namu ne, kuma yaron da aka koya wa yaƙin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, bai kamata a ɓoye masa inda aka fara wasa wuƙar ba.

Sai zamanin reluwe. Layin dogo daga Legas ya iso gaɓar kudu a 1909, ya tsaya cak, ruwa ya tare shi. Shekaru da dama da jirgin fito ake tsallakar da taragai, har aka gama gadar wajen 1915. A nan ne garin ya yi ƙiba. Inda duk tafiya ta sami cikas, dole matafiyi ya sauka, ya ci, ya kwana, ya yi ciniki. 'Yan dako, masu tuwo, masunta, ma'aikatan reluwe daga kudu da arewa, da fataken Hausawa da suka kafa zangonsu, kowa ya sami abin yi. Gyaɗar Kano da audugar Arewa duk ta wannan gada suka bi zuwa teku.

Bayan 'yancin kai aka ƙara mata masana'antar takarda, ga ta sukari a Bacita nan kusa, sannan a 1985 aka buɗe madatsar ruwan Jebba a ƙasan ta Kainji, mai injina shida da ƙarfin da ya haura megawat 500. Wanda ya ga Jebba a lokacin zai rantse ta gama haye tudun mun tsira. Masana'antar takarda ta durƙushe, aka sayar wa 'yan kasuwa, jirgin ƙasa ya zama sai an ga dama, gidajen ma'aikata suka tsufa. Madatsar ce kaɗai ke nan daram, tana tura wuta birane masu nisa, mutanen gaɓa kuma na kwana da fargabar ranar da za a saki ruwa ya shafe musu gonakin shinkafa.

Na san abin da wani zai ce. Gari na tashi, gari na faɗuwa. Baro ma, tsohuwar tashar jirgin ruwa da ta jirgin ƙasa a bakin Kwara, ta yi zamaninta ta kwanta, Zungeru haka, to mene ne na kuka a kan Jebba? Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cikin masu cewa gwamnati ta sake narka kuɗi a masana'antar da ta riga ta kasa riƙewa. Sai dai Baro ta mutu ne don hanya ta kauce mata. Jebba kuwa hanya ba ta taɓa barin ta ba. A 2017 da ruwan sama ya karya gada a Tatabu, tsakanin Mokwa da Jebba, ƙasar nan ta ji a jikinta: motocin kaya suka yi jerin gwano, har sai da Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya je wurin da kansa. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta sake taɓa wannan hanya. Ana tunawa da yankin ne kawai ranar da tumatir ya fara ruɓewa a mota.

Shi ya sa nake ganin maganar ta wuce ta gwamna ɗaya. Akwai hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, N-HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, kuma Kwara da Neja duk suna cikinta. Ita ce kusan hukuma ɗaya tilo da iyakar jiha ba ta ɗaure wa ƙafa a Jebba ba. Maimakon rabon rigunan ruwa da ɗaukar hoto, ta zaunar da jihohin biyu su tsara gaɓoɓin nan a matsayin gari guda: tashar manyan motoci da za ta kwashe tireloli daga kan titi, hanyar sanar da mutane da Nufanci da Yarbanci da Hausa kafin a saki ruwa, da asibitin da ba zai tambayi mara lafiya daga wace gaɓa ya fito ba.

Kayan tarihin ma suna jiran mai kula. Ga hasumiyar tunawa da Mungo Park da Richard Lander, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ga ƙarafan da aka tsamo na Dayspring, ga dutsen nan da ke tsaye cikin ruwa wanda Turawa suka laƙaba wa suna Juju Rock. Bas ɗaya ta ishi malamin tarihi daga Bidda ko Kontagora ya kai ɗalibansa su ga duk waɗannan a wuni guda, in har akwai wanda zai share wurin ya kafa allo ya rubuta abin da ya faru.