Farfesa da Kiret ɗin Ƙwai

Teburin mai shayi ne a Kawo cikin Kaduna, bayan sallar isha'i. Tsohon Hedimasta na kan benci yana fifita shayinsa, Direban Keke na jiran a sauke masa indomi. Sai ga Ɗan Boko da ƙaton fayil a hammata.

Mai Shayi: Farfesa, barka da isowa. Daga ina da wannan lodi haka?

Ɗan Boko: Daga Rigachikun. NTI na je, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, na karɓo littattafai.

Direban Keke: Kai da ka gama jami'a, ka yi bautar ƙasa, har shinkafar walimarka muka ci, wace makaranta ce kuma ta rage?

Ɗan Boko: Digirina na kemistiri ne, ba na koyarwa ba. Irinmu sai mun yi PGDE, difloma ce ta bayan digiri. Ƙarshen mako a shiga aji, daga nan a tura ka gwajin koyarwa, mai dubawa ya zauna a bayan aji yana ba ka maki. Ka gama wannan, ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, a kwamfuta, sannan a ba ka lasisi.

Direban Keke: Lasisi? To malamin da ba shi da shi, 'yan KASTLEA masu tare mu a titi ne ke tare shi a ƙofar aji?

Mai Shayi: Ni abin da ya ɗaure mini kai, duk wannan wahalar don a koya wa yaro ɗaya da ɗaya biyu?

Tsohon Hedimasta: Kai ma da raini. Ka manta 2017? Malaman firamare 33,000 aka ba tambayoyin 'yan aji huɗu a jihar nan, 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin 100.

Mai Shayi: Ina zan manta, ranka ya daɗe? Shekarar ce masu shan shayi da madara suka koma ruwan bunu.

Tsohon Hedimasta: Mu da Gired Tu, tsohuwar takardar malanta, muka fara. Da aka ce sai mai NCE, takardar kwalejin ilimi, da furfurata na koma NTI ɗin nan. Kai yaro, ka iya rubuta lesin not?

Ɗan Boko: Baba, ai a kaina yake. Manufar darasi, abin da yaro ya riga ya sani, kayan koyarwa, gabatarwa, auna fahimta. Har Fiyaje na haddace. Ya ce yaro daga shekara 7 zuwa 11, sai da abin da zai gani ya taɓa yake gane lissafi.

Direban Keke: Shi Fiyajen ɗan wace unguwa ne?

Ɗan Boko: Mutumin Suwizalan ne.

Tsohon Hedimasta: Ya taɓa riƙe aji mai yara 120, rabinsu a ƙasa, da guntun alli ɗaya? Bar haddar nan. Ga ɗalibi can, ɗan Mai Shayi, yana wanke kofi. Auta, zo nan. Bismilla, ni ne mai dubawa.

Ɗan Boko ya gyara wuyan riga, ya miƙa hannu cikin kiret ya ɗebo ƙwai biyar.

Mai Shayi: A hankali, Farfesa. Kayan koyarwar nan da kuɗi na saro su.

Ɗan Boko: Auta, idan na ba ka ƙwai biyu...

Auta: Ai ba naka ba ne.

Ɗan Boko: Mu ƙaddara nawa ne.

Auta: Ka biya?

Ɗan Boko: Misali ne, yaro, misali! Na ba ka biyu, na ƙara maka uku. Ƙwai nawa gare ka?

Auta: Ko ɗaya. Baba zai karɓe.

Tsohon Hedimasta: Yaro ya ci. Malami sifili. Ci gaba.

Ɗan Boko: To mu juya. Kana da ƙwai biyar, ni kuma na karɓi...

Auta: Baba! Farfesa zai gudu da ƙwai!

Ɗan Boko ya ɗaga hannu zai rantse, ya manta abin da ke hannun. Ɗaya ya suɓuce, ya fashe a kan takalmin Hedimasta. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar risho.

Auta: Saura huɗu.

Ɗan Boko: Kun ji? Kun ji ko? Ya gane ɗebewa! Baba, a rubuta, an cimma manufar darasi!

Tsohon Hedimasta: Na rubuta. Takalmin ma ya gane.

Direban Keke: Tsaya, Farfesa. In kowane yaro sai an fasa masa ƙwai, aji mai 120 kiret huɗu ke nan kullum. Albashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, zai ɗauka?

Tsohon Hedimasta: Kai kana tsammanin don me muke aika yara tsinto marfin kwalba?

Mai Shayi ya sa cokali ya kwashe abin da ya kwasu, ya watsa a kasko, ya miƙa wa Auta da guntun burodi. Yaro ya cinye, ya lashe yatsa, ya dubi ragowar huɗun da ke hannun Ɗan Boko.

Auta: Malam, ban gane sosai ba. A sake.