Sanyin mata: a riƙa duba maigida ma

A unguwannin Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, idan mace ta fara ganin farin ruwa mai ƙarnin kifi, da wuya ta nufi asibiti. Yaro za ta aika kemis ya sayo Flagyl, ta sha ta ji sauƙi, bayan wata biyu abin ya dawo. Sai a ɗora wa bandakin gidan haya laifi, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan nau'in sanyi likitoci na kiransa bacterial vaginosis. A gaban mace akwai ƙwayoyin Lactobacillus masu tsare wurin da ɗan tsami. Idan suka ragu, sai Gardnerella da ire-irenta su mamaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin huɗu masu shekarun haihuwa na ɗauke da shi, kuma yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da kamuwa da ƙanjamau. Wanke ciki da sabulu da cusa maganin matsi na rage ƙwayoyin nan masu amfani, ko da masu kayan mata ba za su so jin haka ba.

An daɗe da lura cewa ciwon ya fi bin sabon abokin kwanciya da rashin kwaroron roba. A Maris 2025 wani bincike daga Melbon ta Ostareliya, kan mata 164 da mazansu, ya ƙara fito da batun fili. Inda mace kaɗai ta sha magani, kashi 63 cikin ɗari ciwon ya dawo musu cikin mako 12. Inda namijin ma ya sha metronidazole (wato Flagyl) ya shafa man clindamycin na kwana bakwai, kashi 35 ne. Ke nan maigida na iya ɗauke da ƙwayoyin bai ji komai ba, ya mayar wa matarsa.

Abin da nake tsoro shi ne a juya wannan ya zama hujjar zargi. Ba shaidar neman maza ba ce, amaryar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samu. Binciken ma kan masu mace ɗaya aka yi. A zangonninmu kuwa, inda mutum ke raba kwana tsakanin ɗaki biyu ko uku, hankali ya nuna a duba uwargida da amarya da shi kansa tare, a asibiti, don wani farin ruwan na ƙaiƙayi ne, Flagyl ba ya taɓa shi.